Yadda Ake Auna Sinadarai Daga Nesa da Zaren Haske da Leza

Akwai wuraren da ba a iya kai musu na'urar awo: cikin tukunyar haɗa sinadarai da ke rufe tana aiki, bakin bututun iskar gas, ɗakin da tururi mai guba ya cika, ko fuskar wani tsohon zane da ba a yarda a ɓantari ko ɗigon fenti daga jikinsa ba. A irin waɗannan wurare ba samfuri ake ɗebowa a kai ɗakin gwaji ba. Haske ake turawa ta cikin siririn zare, ya je ya taɓa abin, ya dawo da labari.

Hasken da ake turawa shi ne infared, wanda ke gaba da launin ja inda ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800. Kowane ɗauri da ke haɗa zarra da zarra a cikin sinadari yana girgiza da saurin da ya keɓanta da shi, kuma yawancinsu suna shanye hasken da ya yi daidai da wannan girgiza. Idan ka auna abin da ka tura da abin da ya dawo, wuraren da haske ya ragu su ne za su gaya maka abin da ke can, kamar yadda tambarin yatsa ke nuna mai shi. Zanen da ke nuna waɗannan wurare shi za mu riƙa kira jadawalin sha, kuma a cikinsa kowane wurin da aka sha haske yana fitowa kamar tudu.

Masu fara wannan aiki da yawa leza suke fara saye, don ita ce mai tsada kuma mai ban sha'awa. A ganina wannan juya tsari ne. Zaren shi ne ke yanke hukunci a kan kusan komai, kuma shi ne zai fi wahalar da kai. Saboda haka daga samfuri za mu fara, mu zo zare, sannan leza.

Mataki na 1: Gano inda abinka ke shan haske

Masu wannan fanni suna ƙirga wuri a jadawalin sha da lambar zango, wato yawan zangon haske da ke cikin santimita ɗaya (cm⁻¹), su kuwa masu sayar da zare da leza da tsawon zango suke magana, a maikiromita ko nanomita (nanomita 1,000 ne maikiromita ɗaya). Juyawar mai sauƙi ce: raba 10,000 da lambar zango, ka samu maikiromita. Lambar 1,740 ta zama maikiromita 5.75. Ka saba da wannan lissafi, don kullum za ka yi shi.

Tsakiyar infared, inda sha ya fi ƙarfi, ya kama daga lambar zango 4,000 zuwa 400. Ɗaurin O-H (oksijin da haidirojin) na ruwa da barasa yana sha a kusa da 3,400, C-H (kabon da haidirojin) na mai da roba tsakanin 2,800 da 3,000, C=O (kabon da oksijin) tsakanin 1,700 da 1,750. Furotin yana da tudu biyu sanannu a wajen 1,650 da 1,550. Iskar kabon dayoksaid tana sha sosai a 2,349. Mitan, babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa, yana sha a maikiromita 3.3 da 7.7, yana kuma da wani ƙaramin sha a kusa da nanomita 1,650. Ga iskar gas, rumbun bayanai na HITRAN yana da layukan sha ɗaya bayan ɗaya. Ga ruwa-ruwa da daskararru kuwa, abin da ya fi shi ne ka fara auna samfurin a na'urar FTIR ta kan tebur, wato na'urar ɗakin gwaji mai fitar da jadawalin sha, ka ga jadawalinsa da idonka kafin ka kashe ko kwabo a kan zare.

Ka zaɓi tudu guda da ke canzawa da abin da kake bibiya, da wani da ba ya canzawa don ya zama ma'auni. Ka kuma duba maƙwabtansa: ruwa yana sha da ƙarfi a 1,640, yana iya danne duk wani ƙaramin tudu da ke kusa.

Mataki na 2: Zaɓen zare

Nan ne za mu daɗe.

Zaren gilashin silika, irin wanda ke ɗauke da intanet a ƙarƙashin teku, babu kamarsa a arha da ƙarfi da tsabta. A nanomita 1,550 hasararsa kusan desibel 0.2 ce a kowace kilomita (da desibel ake auna hasarar haske). Matsalarsa ɗaya ce: da zarar zango ya wuce maikiromita 2 da 'yan kai, gilashin da kansa yake shanye hasken. Tudun C=O da ke 5.75 ba zai taɓa ratsa shi ba.

Duk da haka, kafin ka bar silika ka tambayi kanka ko ƙaramin sha da ke infared na kusa, wato yankin da ke gab da launin ja, zai wadatar. Masu sa ido kan yoyon mitan sukan yi aiki a kusa da nanomita 1,653. Shan da ke nan ya fi na 3.3 rauni nesa ba kusa ba, amma zaren yana iya tafiya kilomitoci, kayan haɗinsa kuma na sadarwa ne da ake samu a ko'ina. Idan nisan da kake so ya kai ɗaruruwan mitoci, kusan wannan ce kaɗai hanyarka. Zarurrukan tsakiyar infared tafiyar 'yan mitoci suke yi, ba kilomita ba, kuma gara ka san haka tun yanzu.

Idan dole sai tsakiyar infared, ga abin da ke gabanka. Gilashin fuloraid, wanda wasu 'yan'uwa biyu masu suna Poulain suka gano a jami'ar Rennes ta Faransa a tsakiyar shekarun 1970, irinsa mai suna ZBLAN yana kaiwa kusan maikiromita 4, irinsa mai indiyam kuma ya wuce 5. Ya dace da O-H da C-H, amma yana da saurin karyewa kuma ba ya shiri da danshi.

Sai gilashin calkojenaid, wanda ake yi da asenik da farar wuta ko da seleniyam. Mai farar wuta yana kaiwa wajen maikiromita 6, mai seleniyam ya ƙara gaba zuwa 9 ko kusa. Yakan zo da wani tabo na sha a kusa da maikiromita 4 saboda ragowar haidirojin a jikin gilashin, don haka idan tudunka a nan yake, ka nemi jadawalin wannan zaren takamaimai daga mai sayarwa. Zafi kaɗan yake sa shi laushi, kuma asenik guba ce: kada a goge bakinsa a bushe har ƙura ta tashi.

Na uku shi ne zaren azurfa, wato haɗin gishirin azurfa iri biyu, AgCl da AgBr. Ba gilashi ba ne, ƙananan lu'ulu'ai ne da aka matse suka zama zare. Yana ɗaukar haske daga wajen maikiromita 4 har zuwa 18, wato ya rufe yankin da tudu ya fi yawa, kuma yana lanƙwasuwa. Halinsa sai an yi haƙuri da shi. Hasken rana da na fitila suna sa shi baƙi a hankali, kuma idan ya taɓa yawancin ƙarafa sai su ci juna, shi ya sa ake yi masa baki da taitaniyam ko roba. Idan ka lanƙwasa shi fiye da kima, ba ya komawa yadda yake.

Akwai kuma zare mai rami, siririn bututu da aka shafe cikinsa da azurfa da gishirinta mai suna AgI, haske na bin iska a tsakiya. Yana jure leza mai ƙarfi kuma ba shi da fuskar da za ta mayar da haske baya, amma hasararsa tana hawa da zarar an lanƙwasa shi, haka ma idan ramin ya ƙanƙance.

Bayan ka zaɓa, zauna ka yi lissafin hasara. Duk desibel 3 rabin haske ne ya tafi. A ce zaren azurfa ne mita ɗaya da rabi zuwa, mita ɗaya da rabi dawowa, yana hasarar desibel 0.5 a kowace mita: desibel 1.5 ke nan, ya rage maka kashi 71 cikin ɗari. Sannan kowace fuskar zare tana mayar da wani kaso baya. Ta silika kashi 4 ne kawai, amma ta azurfa kusan 13 ne, ta calkojenaid mai farar wuta kusan 17. Fuska huɗu na zaren azurfa sun bar maka kashi 57. Haɗa su biyun, kusan kashi 40 ya rage, tun kafin samfuri ya sha nasa, tun kafin ka lissafa abin da ya zube wajen shigar da hasken. Saboda haka kada ka sayi tsawon da ya wuce buƙata da sunan ko-ta-kwana.

Mataki na 3: Leza da na'urar gano haske

Fitilar da ke cikin FTIR tana ba da zango mai faɗi, amma haskenta a warwatse yake, kaɗan ne ke shiga bakin zaren da bai kai milimita ɗaya ba. Amfanin leza ke nan: tana tattara ƙarfinta a ɗigo guda.

A yankin maikiromita 4 zuwa 12 lezar QCL ce ke kan gaba. An fara nuna ta a Bell Labs ta Amurka a 1994, aikin su Jérôme Faist da Federico Capasso da Alfred Cho da abokansu. Tana zuwa iri biyu da ya kamata ka bambance. Mai suna DFB tana motsawa 'yan lambobi kaɗan ne kawai, ta dace da siririn layin iskar gas guda. Mai madubin waje tana share ɗaruruwan lambobin zango, ita ce ta ruwa-ruwa da daskararru masu faffaɗan tudu. Tsakanin maikiromita 3 da 6 akwai lezar ICL mai cin wuta kaɗan. Ga mitan a nanomita 1,653, ƙaramar lezar DFB irin ta sadarwa ta isa.

Na'urar gano haske tana bin zango ita ma. Mai suna InGaAs ta infared na kusa ce, zuwa maikiromita 1.7. Ta tsakiya ita ce MCT, wadda ake sanyayawa da ruwan naitirojin zuwa digiri 196 ƙasa da sifili, ko da lantarki idan aikin na tsawon kwanaki ne babu mai ƙara ruwan. MCT tana ƙoshi da wuri: idan haske ya yi mata yawa sai amsarta ta daina bin ƙarfin hasken, tudunka ya fito a gurguje. Ka gwada da matatar rage haske. Idan ka rage rabi, lambar ma ta ragu da rabi. In ba haka ba, rage ƙarfin lezar.

Mataki na 4: Kan awo, wato bakin da ke saduwa da samfuri

Yadda haske zai sadu da samfuri hanya uku ce. Ga iskar gas, a bar gibi tsakanin zaren zuwa da na dawowa, haske ya ratsa. Tsawon gibin shi ne ƙarfin awon. Ga fenti ko gari ko saman ƙarfe, a haska a tattara abin da ya dawo. Wannan ba ya taɓa samfuri, amma jadawalinsa yakan zo a murɗe, tudu ya koma kwari, sai an saba da karanta shi.

Ga ruwa-ruwa da abu mai danƙo, ATR ce hanya. Haske yana shiga wani ɗan lu'ulu'u, ya bugi fuskarsa ta ciki ya juyo, amma a daidai wurin bugun wani ɓangarensa yana leƙawa waje zurfin maikiromita ɗaya zuwa biyu. Wannan ɗan leƙen ne ke ɗanɗano samfurin, shi ya sa ko ruwa mai shan haske sosai ba ya toshe awon. Daimon ya fi kowa jure asid da gogayya, sai dai shi ma yana sha tsakanin 1,900 da 2,300. Mai bibiyar sinadarin aisosayanet a 2,270, wajen haɗa katifar roba, gara ya nemi kan silikon. Jamaniyam leƙensa bai kai maikiromita ɗaya ba, ya dace da baƙar roba mai shan haske da yawa.

Ka riƙe wannan: ATR abin da ke manne da lu'ulu'un kawai take gani. Kumfa guda ta zauna a kai, iska kake aunawa. Dauɗa ta daskare a kai, dauɗar kake aunawa, ko da abin da ke cikin tukunya ya canza sau goma.

Mataki na 5: Shigar da haske cikin zare

Kafin ka kunna komai, sa tabaran kariya da aka rubuta zangon lezarka a jikinsa. Wannan haske ba a ganinsa, ido ba zai ƙifta don kare kansa ba. Wanda ke ƙasa da nanomita 1,400 yana kaiwa har bayan ido, wanda ya wuce haka yana ƙona fatar gaban ido. Ka duba ajin lezar bisa ƙa'idar IEC 60825-1, ka cire agogo da zobe, kada kuma ka sunkuyar da kai daidai tsayin hasken.

Gilashin tattara haske na yau da kullum ba ya barin hasken tsakiyar infared ya wuce. Ana amfani da mai tattara haske da aka yi da sinadarin ZnSe ko CaF₂, ko madubi mai lanƙwasa da aka shafe da zinariya. Ɗigon hasken ya zama ƙasa da faɗin cibiyar zaren, kusurwar shigarsa kuma kada ta wuce wadda zaren ke karɓa. Mai sayarwa yana rubuta ta da sunan NA.

Fara da ƙaramin ƙarfi. Da jar leza ta nuni, wadda aka daidaita da ta infared, ka kai ɗigon bakin zare, sannan ka kashe ta, musamman idan zaren azurfa ne. Daga nan na'urar gano haske ce idonka. Juya sukurun hagu da dama har lamba ta kai ƙololuwa, sai na sama da ƙasa, sai na gaba da baya, ka sake zagayowa. Idan lamba ta ƙi tashi daga sifili, kada ka ƙara wuta. Ɗigon da ya sauka a gefen cibiya, kan gam ko rigar zare, ƙona bakin yake yi nan take, kuma bakin calkojenaid da ya ƙone sai an yanke an sake gogewa.

Ka ɗan karkatar da bakin zaren, ko ka sayi mai gogaggen baki a karkace. Hasken da ya koma cikin QCL yana rikita ta, ƙarfinta ya riƙa tsalle.

Mataki na 6: Awon tushe, da ɗaure zaren

Awo biyu ake yi: ɗaya babu samfuri, ɗaya da samfuri. Na farkon shi ne awon tushe. Raba hasken samfuri da na tushe, ɗauki logarizim ɗinsa na goma, juya alamar, ka samu yawan sha. Bisa dokar Beer da Lambert, wannan lamba tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan sinadarin. Sha na 1 yana nufin kashi 10 ne ya tsira, na 2 kashi 1.

Lissafin yana ɗauka cewa tsakanin awon biyu babu abin da ya canza sai samfuri. Nan ne zare ke yaudara. A cikin zare mai kauri haske yana bin hanyoyi da yawa lokaci guda, kuma hasken leza yana sa hanyoyin su yi karo da juna, wani wuri su ƙarfafa, wani wuri su kashe juna. Ka matsar da zaren da faɗin yatsa, tsarin karon ya canza, hasken da ke fita ya canza, sai ka ga tudu a jadawali alhali babu abin da ya faru a tukunya. Gwada da kanka: ka bar kan awo a iska, ka ɗauki tushe, ka taɓa tsakiyar zaren, ka sake aunawa. Layin da ya kamata ya kwanta a sifili za ka gan shi yana hawa da sauka.

Maganin shi ne ka shimfiɗa zaren a yadda zai zauna lokacin aiki, ka ɗaure shi da maƙalai a wurare da yawa ba tare da matsewa ba, ka nisanta shi da injin da ke girgiza da bututu mai zafi, sannan ka ɗauki tushe. Idan zai yiwu, samfurin ya zo wurin kan awo, ba kan awo ya je wurin samfuri ba. A tukunya, ka ɗauki tushe da ruwan narkarwa zalla, a zafin da za a yi aikin, kafin a zuba sinadaran.

Iskar ɗaki ma tana da nata. Tururin ruwa yana da tarin siraran layuka tsakanin 1,300 da 2,000, daidai inda C=O yake, numfashinka kuma yana ɗaga tudun 2,349. Ka rufe duk inda haske ke bin iska, ka hura masa busasshen naitirojin. Ka kuma ɓalli ɗan kaso na hasken tun kafin ya shiga zare, ka kai shi na'urar gano haske ta biyu, don ka riƙa cire hawa da saukar lezar kanta.

Mataki na 7: Tabbatar da awon

Auna tushe sau biyu a jere ka raba su. Kaurin layin da ya fito shi ne hayaniyar na'urarka, duk tudun da bai ninka ta sau uku ba kada ka yarda da shi. Sannan ka auna siririyar ledar polistirin: tana da tudu sananne a 1,601 da wani a 1,028. Idan sun fito a gurbinsu, ma'aunin zangonka daidai yake.

Maimaita awo yana rage hayaniya, amma a hankali: awo 100 sau 10 kawai yake rage ta, awo 400 sau 20. Kuma akwai iyaka, don bayan wani lokaci zafi da zare suna gusawa, ƙarin jira ya koma ɓata awon. Ka bar na'urar tana auna abu guda na tsawon lokaci, ka ga inda kyautatuwar ta tsaya. Wannan shi ne tazarar da za ka riƙa sabunta tushe. Yanka hasken a kai a kai, tare da na'urar da ke sauraron wannan bugun kaɗai, yana raba saƙonka da zafin da bango da jikin mutum ke fitarwa, don su ma infared suke fitarwa.

Idan ka ga tudu da kwari a jere da tazara iri ɗaya, ba sinadari ba ne. Fuska biyu ne masu kallon juna ke jefa wa juna haske, ko tagar gilashi ko gibin da ke tsakanin zare da lu'ulu'u. Tazarar tana faɗa maka wace ce: idan tudun sun matsu, fuskokin suna nesa da juna, idan sun yi faɗi, siririn abu ne. Karkatar da ɗaya daga ciki, ko ka sa taga mai kauri a gefe guda.

Don sanin adadi, haɗa samfura biyar ko shida da ka san yawan sinadarinsu, waɗanda suka rufe daga ƙasa zuwa sama na abin da kake tsammani, ka auna su da wannan zaren, da wannan kan awo, a wannan zafin. Ka ware wasu da ba su shiga lissafin ba ka gwada shi da su. Idan tudu sun hau kan juna, tsarin lissafi na PLS yana raba su, amma shi ma abin da ka koya masa kawai ya sani. Ranar da ka canza zare ko ka sake goge bakinsa, ka sake auna samfuran gwajin kafin ka amince da tsohon lissafi.

Bayan aiki, wanke lu'ulu'un da abin da ke narkar da samfurin, ka auna shi a iska ka tabbatar babu ragowar tudu. Ka rufe bakunan zare da murfinsu, ka naɗe shi da faɗin da bai gaza wanda mai ƙera shi ya rubuta ba. Na fuloraid a ajiye shi tare da abin tsotse danshi, na azurfa kuma a cikin akwati mai duhu. Ka rubuta ƙarfin hasken da ke dawowa a iska duk ranar da ka fara aiki, don raguwarsa a hankali ita ce alamar farko cewa zaren ya fara tsufa.